Fiyus garau, amma amfilifaya ta ƙone: ya akayi haka?

Toh jama'a, tun shekaranjiya ake ta turo min tambaya ɗaya, wai DJ na tsakiyar biki amfilifaya tayi hayaƙi, da aka buɗe sai ga fiyus garau, ko ɗumi baiyi ba. Wasu har sunce jabu aka sayar masa a kasuwar Taminus. Ba jabu bane wallahi.

Kalli nan. Wayar sifika, ja da baƙa, silin waya ɗaya tak ya taɓa ɗan uwansa. Shikenan anyi shot. Da wuta sai ta ratsa sifika mai ohm 8, yanzu ta samu hanya a buɗe ba mai tare ta, duk ta tattaru kan waɗannan manyan tiransisto ɗin masu tura wuta zuwa sifika, 2SC5200 da abokinsa 2SA1943.

Nan ne mutane ke ɓata. Shi fiyus sai yayi zafi ya narke kafin ya yanke, tiransisto kuwa kafin ka ƙifta ido ya mutu, kaga kenan kafin mai gadi ya ɗaura takalmi ɓarawo ya tsallake katanga. Aikin fiyus ya hana gobara ne.

Mai tsaron gaske gashi nan, wannan farar resista mai kama da ƙwayar suga, ohm 0.22. Duk wutar da zata tafi sifika sai ta bi ta cikinta, wuta na ƙaruwa bolt ɗin dake kanta na hawa, yana kai wajen 0.6 sai wannan ɗan mitsitsin tiransisto na gefe ya farka ya janye wutar dake tura babban tiransiston. A tsari mafi sauƙi kusan amp 3 kenan, daga nan babban bazai ƙara ba ko ka murɗe bolum har ƙarshe. Duba allurar mita. Ta tsaya cak ko?

Wasu masu arha basu da wannan ɗan tiransiston sam, wani mai gyaran kuma cire shi yake wai sauti ya ƙara ƙarfi. Ni dai wannan ban yafe ba.

Rile mai "ƙyas" ɗin nan sifika yake karewa daga DC, wato wuta irin ta batir, wani bidiyon ne wannan. Idan jar fitilar protect ta kama, kashe, zare wayoyin sifika, sa mita a ohm tsakanin jar wayar da baƙar da ka zare. Ta nuna kusan sifili, matsalar na wajen waya ko sifika, kar ka sake kunnawa sai ka gano ta. Oga mai naɗa wa fiyus wayar jan ƙarfe kuma, na ganka.