Sharhi: Majalisar Barbados da Ta Wayi Gari Babu Ɗan Adawa

Masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Sharhinmu na yau ya leƙa Barbados, wani ɗan tsibiri a gabashin yankin Karebiyan, mai faɗin murabba'in kilomita 430 da mutane kusan 280,000. Kujeru 30 ne a majalisar wakilan ƙasar. A zaɓen ranar 24 ga Mayun 2018, jam'iyyar BLP ta Mia Mottley ta kwashe su kakaf, har firaminista mai ci, Freundel Stuart na jam'iyyar DLP, ya sha kaye a mazaɓarsa. Da aka koma rumfunan zaɓe ranar 19 ga Janairun 2022, haka aka sake yi: 30 da babu.

Wanda ya ji wannan sakamako zai iya zaton an tafka maguɗi. Ba a yi ba. Tsarin zaɓen da ƙasar ta gada daga Ingila ne ya haifar da shi. An raba tsibirin gida 30, kowace mazaɓa wakili ɗaya. Ana buɗe rumfuna ƙarfe shida na safe, a rufe shida na yamma, mai zaɓe ya zana alamar X a gaban sunan mutum guda. Wanda ya fi ƙuri'a, ko da guda ɗaya ce, shi ke ɗauke kujerar. Babu zagaye na biyu, kuma ƙuri'un wanda ya zo na biyu ba a tara masa su a ko'ina.

Ga inda gizo ke saƙa. A babbar ƙasa, kowace jam'iyya tana da yankin da ko ana ha-maza-ha-mata ba za a ƙwace mata ba. Barbados ba ta da irin wannan tunga. A matsakaici, masu rajista a kowace mazaɓa dubu takwas ne zuwa tara, jaridu ɗaya suke karantawa, tsadar kaya ɗaya suke sha, yawon buɗe ido ɗaya ke ciyar da da yawa daga cikinsu. Idan rai ya ɓaci a Bridgetown, babban birnin ƙasar, ya ɓaci a St. Lucy da ke arewa da St. Philip da ke kudu maso gabas. A 2013, DLP ta samu kujeru 16, BLP 14. Bayan shekara biyar na tulin bashi da ƙarin haraji da ruwan masai da ya riƙa malala a titunan gaɓar kudu, guguwar ta kaɗa ko'ina lokaci guda. A 2022 DLP ta samu sama da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u. Da rabon kujeru ake yi daidai da yawan ƙuri'a, da ta tashi da bakwai ko takwas. Ko ɗaya ba ta samu ba.

Ba Barbados kaɗai ba ce. A Girenada, jam'iyyar Keith Mitchell ta lashe duka kujeru 15 har sau uku: 1999, 2013 da 2018.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da ke biyo baya, domin tsarin mulkin Barbados ya rataya ayyuka da dama a wuyan jagoran 'yan adawa, kuma dole ya kasance zaɓaɓɓen ɗan majalisar wakilai. Majalisar dattawa naɗa ta ake yi, mutum 21: 12 bisa shawarar firaminista, 7 zaɓin shugaban ƙasa, 2 bisa shawarar jagoran adawa. Jagoran adawar ne kuma ke shugabantar kwamitin da ke bin diddigin yadda gwamnati ta kashe kuɗin jama'a. Hatta hukumar zaɓe da shata iyakokin mazaɓu, mai mutum biyar, shi ke bayar da sunayen biyu daga ciki. Idan babu shi, wa zai tambayi minista inda kuɗi suka shiga?

A 2018, kwanaki kaɗan bayan zaɓe, Bishop Joseph Atherley, wanda ya ci kujerarsa a tutar BLP, ya fice ya zama jagoran adawa shi kaɗai. Bayan zaɓen 2022 kuwa, kujerar jagoran adawa ta zauna babu kowa har Fabrairun 2024, lokacin da Ralph Thorne ya bar BLP ya hau ta. A duka biyun, mutumin da aka zaɓa don ya mara wa gwamnati baya ne ya koma mai sa mata ido, dubban da suka zaɓi DLP kuma ba su da wanda suka tura da hannunsu. A ganinmu wannan faci ne, bai kai gyara ba.

Akwai kuma batun fitowar masu zaɓe. A 2022 ko rabin masu rajista ba su fito ba. An kira zaɓen ne ranar 27 ga Disamban 2021, fiye da shekara guda kafin wa'adi ya cika, domin firaminista na da ikon zaɓar ranar da ta ga dama, kuma yaƙin neman zaɓen kimanin mako uku kawai ya ɗauka. Ga annobar korona tana ci, doka ba ta tanadi hanyar da waɗanda aka killace za su jefa ƙuri'a ba. An kai ƙara kotu a ɗage zaɓen saboda su, kotu ta yi watsi da ƙarar, aka buɗe rumfuna a ranar da aka tsayar.