Amsoshin Tambayoyinku: Tsohon Babur da Gudu a Kan Gishiri

Masu sauraro assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Wasiƙarmu ta farko ta fito ne daga wani bakanike a wani ƙauye kusa da Gumel. Ya ce ya gaji tsohuwar Honda daga mahaifinsa, tana nan jingine a zaure, sai ya ga bidiyo a waya ana gudu da tsofaffin babura a wani fili fari fat. Yana tambaya, wane wuri ne wannan, kuma yaya ake haɗa tsohon mashin har ya yi irin wannan gudu?

To Malam, sunan wurin Bonneville, yana jihar Utah a Amurka. Tsohon tabki ne da ya ƙafe ya bar gishiri shimfiɗe, ba irin ramukan da ake haƙo gishirin Bilma ba. Da hunturu ruwa kan kwanta a kai, in ya janye sai ƙasar ta daidaita, ba rami ba kwana. A watan Agusta ake babban taron. Kuma ba tsere ne na kafaɗa da kafaɗa ba. Mutum ɗaya ake saki, na'ura ta auna gudunsa, sai ya yi sau biyu a ɗauki matsakaici kafin a rubuta masa tarihi. An kasa babura rukuni-rukuni bisa girman inji, shekarunsa da irin man da yake sha, don haka ko ɗan ƙaramin 125cc yana da abokan karawarsa.

Wanda ya fi dacewa ka sani shi ne Burt Munro, mutumin New Zealand. Babur ƙirar Indian Scout ya saya a 1920, wanda gudunsa bai kai kilomita 90 a awa ba. Shekara da shekaru yana gyara shi a ɗan garejinsa, har fistin da kansa yake narka ƙarfe ya zuba. A 1967, yana da shekara 68, ya yi gudun kusan kilomita 296 a awa da shi a Bonneville. Ina son labarin dattijon nan ƙwarai, domin abin da ya yi amfani da shi, wato hannu da haƙuri, akwai su a garejojinmu.

Amma ka lura, yawancin bakanikai inji suke fara taɓawa, alhali babbar abokiyar gāba iska ce. In kana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka buƙata don keta iska kusan ninki takwas ne. Shi ya sa ake sa babur ya yi ƙasa-ƙasa, a tsuke hannu, a cire madubi da duk wani tarkace, mahayi ya kwanta a kan tanki. A 1948 wani mai suna Rollie Free ya tuɓe kayansa, daga shi sai gajeren wando, ya miƙe rub da ciki a kan babur ƙirar Vincent, ya haura kilomita 240 a awa. Yau ba za a bar kowa ya yi haka ba.

Bayan iska sai giya: a rage haƙoran faifan sarƙa na baya don mashin ya yi dogon numfashi. Sannan wurin yana da tudu, sama da mita 1,200 daga saman teku, iskar ba ta da kauri, dole a sake saita kafireta a rage mai. Gishiri kuma yana da santsi fiye da kwalta, ga cin ƙarfe, ana gamawa sai wanki.

Wani matashi daga yankin Ɗambatta shi kuma cewa ya yi, ko zai iya gwadawa a titin garinsu da sassafe kafin mutane su fito? A'a, ɗana, don Allah kada ka yi. A can kafin a bar ka ka hau, sai masu bincike sun duba taya ko za ta ɗauki gudun, an ɗaure muhimman notuna da waya, ka sa rigar fata da hular kwano, da igiyar da ke kashe inji in ka faɗi, ga motar asibiti a tsaye. Titinmu kuwa akwai akuya, akwai amalanke, akwai yara masu tafiya makarantar allo tun da asuba.