Kujerar Na Ƙi da Kisan Ƙare Dangi

Assalamu alaikum, jama'a. Da wata takarda zan fara. Ranar 11 ga Janairun 1994, Janar Romeo Dallaire, ɗan Kanada da ke jagorantar sojojin kiyaye zaman lafiya a Ruwanda, ya aika saƙo hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya ce wani na ciki ya tsegunta masa cewa ana ɓoye makamai, ana kuma rubuta sunayen 'yan ƙabilar Tutsi a Kigali. Ya sanar cewa zai je ya ƙwace makaman, aka ce masa kul. Wata uku bayan nan aka fara yanka mutane da adduna, har a cikin coci-coci da makarantu inda suka fake. Ranar 21 ga Afrilu, ana tsakiyar kisan, Kwamitin Sulhu ya rage sojojin nan daga kusan 2,500 zuwa 270. Cikin kwana ɗari, kimanin mutum 800,000 suka halaka.

Kada wani ya ce muku babu doka a lokacin. Tun 1948 akwai yarjejeniyar da ta wajabta wa ƙasashe hana kisan ƙare dangi. Shi ya sa jami'an Amurka suka yi makonni suna kewaye-kewaye, suna gudun kiran abin da sunansa, don kada a ce to ku tashi.

Kunyar Ruwanda da ta Srebrenica, inda aka kashe maza Musulmin Bosniya fiye da 8,000 a Yulin 1995, ita ta haifar da alƙawarin da ƙasashen duniya suka ɗauka a 2005: duk gwamnatin da ta kasa kare mutanenta, alhakin ya koma kan duniya. Magana ce mai kyau, ni na yarda da ita. Sai dai an ce amfani da ƙarfi sai ta hannun Kwamitin Sulhu, can kuwa Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin kowace tana iya hawa kujerar na ƙi.

A 2011 aka ba da izinin kare fararen hula a Libiya, NATO ta shiga, abin ya ƙare da kifar da Gaddafi. Rasha da Sin suka ce an yaudare su. Wa ya biya bashin? Mutanen Siriya, domin tun daga Oktoban wannan shekarar ƙasashen biyu suka riƙa kashe ƙudurori a kan ƙasar. Haka Amurka ta sha yi da ƙudurorin tsagaita wuta a Gaza. Wannan ne ke ci mini rai: kowace babbar ƙasa tana ganin laifi da kyau, sai dai idan na jikinta ne ya aikata.

Faransa da Mekziko sun nemi a 2015 manyan nan su daina hawa kujerar idan ana kisan kiyashi. Amurka da Rasha da Sin ba su sa hannu ba. Abin da aka samu a 2022 shi ne, duk lokacin da wata ta hau, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya zai zauna cikin kwana goma na aiki, a ba ta dama ta faɗi dalilinta. Ƙudurin da ta kashe kuwa ba ya dawowa.