Ƙarar madubin nan ce ta hana ni barci jiya

Jama'a assalamu alaikum. Ku ɗan yi shiru ku saurara. Kun ji? Ƙas! Wannan ƙarar ce ta sa jiya har ƙarfe biyu na dare ina zaune a falo, ina ɗaukar hoton kofin shayi da labule da takalmina. Shekara huɗu ina ƙasar nan ina tara kuɗi ina fasawa, jiya dai Allah Ya nufa kyamarar ta iso hannuna. Canon EOS 250D ce, wadda a Amurka suke kira Rebel SL3, ta fito a 2019.

Bari in cire gilashin gaba ku gani. Ga madubin can a ciki, a jingine. Hasken da ya shigo ta gilashi shi yake karɓa ya tura sama zuwa 'yar tagar da ake leƙawa. Wato idan na kafa ido a nan, abin da nake gani shi ne ainihin hasken da ke gabana, babu allo a tsakani. Da na danna, madubin ya yi tsalle sama, labulen da ke bayansa ya buɗe, haske ya faɗa kan sensa, wato ɗan farantin da ke kama hoton, sannan komai ya koma mazauninsa. Tagar takan yi baƙi na ƙiftawar ido. Wallahi karon farko sai da gabana ya faɗi, na ɗauka na lalata wani abu.

Abin da ya fi burge ni kuwa fuskar 'yata ce. Na zaunar da ita kusa da taga na ɗauke ta, da na duba sai ga gashin idonta ɗaya bayan ɗaya, bangon da ke bayanta kuma ya narke kamar hayaƙi. Waya ma tana yin irin wannan, amma ita lissafi take yi, shi ya sa za ka ga ta cinye gefen kunne ko bakin ɗankwali. Nan gilashi ne ya yi aikin da kansa. Mutane suna ta tambayata megafiksel nawa, wato miliyan nawa ne ɗige-ɗigen da ke haɗa hoton, 24 ne, kuma na san akwai wayoyin da aka rubuta wa 108. Ba a nan take ba. Sensar wannan ta kai kusan milimita 22 a faɗi, 15 a tsawo, ta ninka ta waya sau da yawa, to dole ta fi shan haske.

Haske kuwa shi ne ciwon kaina a nan. Yanzu hunturu ne, ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi, ko da tsakar ranar ma sama kamar an shafa toka. Ina kewar ranar gida, wadda a da nake gudun ta. Da a can nake da kyamarar nan a hannu, da hantsi kawai ya ishe ni. A nan dole in ɗaga ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske, zuwa 1600 ko 3200 cikin ɗaki, sai hoton ya fara yin tsaki-tsaki a wuraren duhu.

Kuma ina gargaɗinku, kada wanda ya saya yana zaton daga kwali sai hoton mujalla. Hotuna talatin na farko da na ɗauka da dare, rabinsu sun yi dishi-dishi, saboda labulen ya daɗe a buɗe hannuna kuma yana rawa. Waya tana rufa maka asiri, ta haɗa hotuna da yawa ta gyara ba ka sani ba. Wannan abin da ka yi shi za ta nuna maka, ni kuma hakan ya yi mini daɗi ƙwarai, don yau na san hoton da ya yi kyau aikin hannuna ne.

Gilashin da ta zo da shi mai milimita 18-55 ne, wato yana jawo abu kusa ya kuma nisanta shi, yana aiki, amma na riga na sa ido a kan na milimita 50 ɗin nan mai buɗewa har 1.8, wato yana buɗe ido sosai ya sha haske. Nan ne aljihu yake kuka, domin akwai gilasan da ɗaya ya fi kyamarar kanta tsada. Ga memori, ga jaka, ga batir na biyu, duk daban ake saye. Wani abokin aikina ya ce me ya kai ni sayen mai madubi alhali duniya ta koma kyamarori marasa madubi. Na ce masa bakin da ake ɗaura gilashi a wannan tun 1987 ake ƙera masa gilasai, na hannu sun cika kasuwa. Batirinta kuma, in ta taga kake leƙawa, yana kai hoto dubu kafin ya mutu. Nauyinta gram 449 kacal, allonta yana juyowa ya kalle ni, shi ya sa daga yau da ita zan riƙa yi muku magana.

Abu biyu ku riƙe. In kun shigo daga sanyi, ku bar ta cikin jaka ta ɗan yi ɗumi, in ba haka ba raɓa za ta kwanta a gilashi har ciki. In za ku canja gilashi kuma ku kifa bakinta ƙasa, ku yi sauri, ƙura ɗaya ta hau sensa za ku riƙa ganin ɗigonta a sararin sama na hotunanku.

Hoton Inna guda ɗaya nake da shi a waya, ƙanena ya turo ta WhatsApp, fuskar duk ta dushe. In Allah Ya kai mu hutu, ita zan fara zaunarwa a inuwa da hantsi in ɗauka, in wanke shi babba. Yanzu dai bari in fita, saura awa ɗaya rana ta faɗi.