Badger, Jirgin Fiton Motoci da Ya Haura Shekara 70 Yana Aiki

Malam Sani: Masu sauraro, barkanmu da warhaka daga Damagaram. Yau ni da Hajiya Rabi za mu tattauna kan Badger, jirgin fiton motoci da ke tsallaka tafkin Mishigan a Amurka tun 1953. Hajiya, mu da ruwanmu bai wuce tafkunan damina ba, me ya kai mu ga wannan batu?

Hajiya Rabi: Malam, daɗewarsa ce ta ja hankalina. Duk wanda ya taɓa shiga bak na Farie a kogin Isa kafin a gina gada ya san yadda direba ke lallaɓa mota ta hau jirgi, fasinjoji na tsaye a gefe suna kallo. To, Badger tsawonsa mita 125 ne, yana ɗaukar mutum 600 da mota 180, kuma cikin awa huɗu yake cin kusan kilomita 100 tsakanin garuruwan Ludington da Manitowoc, wato kusan nisan nan da Magarya.

Malam Sani: Amma na ji an ce ba don motoci aka ƙera shi ba.

Hajiya Rabi: Haka ne. Kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ne ya sa aka ƙera shi domin ya riƙa haye da taragu, har da layin dogo a cikinsa. Da wannan ciniki ya mutu, sai aka ɗaure shi a tasha a 1990, kuma da a ce wani ɗan kasuwa mai suna Charles Conrad bai saye shi ya mayar da shi jirgin motoci da fasinjoji a 1992 ba, da wataƙila tuni an yanka shi an sayar da ƙarfen.

Malam Sani: Ni abin da ya fi taɓa ni shi ne labarin tagwaininsa, Spartan, wanda ke ajiye a Ludington tun 1979. Tunda an daina ƙera irin injinsu, idan wani ƙarfe ya lalace a Badger, jikin Spartan ake zuwa a kwanto. Duk bakaniken da ke garejin Damagaram ya san wannan dabara: tsohuwar mota ce a jingine kan duwatsu, ba taya, ba gilashi, amma ita ke riƙe da ƴar'uwarta a kan hanya, kuma mai garejin ba zai sayar da ita ba ko an taya.

Hajiya Rabi: Sai dai, Malam, akwai inda ban yaba ba. Har yau da kwal yake tafiya, irin wanda ake haƙowa a Anu Araren, kuma shekara da shekaru yana zuba tokarsa a tafkin da jama'a ke sha. Sai da hukumar kare muhalli ta Amurka ta matsa lamba kafin aka yi masa ma'ajiyar toka, ya koma sauke ta a tudu daga 2015.

Malam Sani: Shekara guda bayan haka, a 2016, gwamnati ta sanya shi cikin kayan tarihin ƙasa, ga shi kuma duk shekara yana fita aiki daga watan Mayu zuwa Oktoba.