Lacca: Titin da ke sauya launi idan rana ta take

Assalamu alaikum. Jama'a, sabuwar kwalta baƙa ce wuluk, kuma tana shanye kusan kashi 90 zuwa 95 cikin 100 na hasken ranar da ya sauka a kanta. Shi ya sa da bazara zafin saman titi kan haura digiri 60 a ma'aunin Salsiyas. Idan ta yi zafi haka sai ta yi laushi, manyan motoci su bi ta kai su bar kwari a sawun tayoyinsu. A ƙasashen sanyi kuma, da hunturu ya shigo sai ta ƙandare ta tsage.

An gwada fenti mai haske. Birnin Los Angeles na Amurka ya fara shafa wa wasu tituna ruwan toka a 2017, Doha ta Katar ta gwada shuɗi a 2019. Zafi ya ragu, amma fenti bai san hunturu ba. Lokacin da ake son titi ya sha rana ya narkar da ƙanƙara, shi yana nan yana korar hasken.

Nan ne sinadarai masu sauya launi, waɗanda ake bincike kan gauraya su da kwalta, suka shigo. Ƙwayoyi ne ƙanana, ba a ganinsu da ido, kowace ɗauke da abubuwa uku: rini, da wani asid mai rauni da ke fito da launin rinin, da mai narkarwa mai kama da kakin zuma. Idan da sanyi, kakin a daskare yake, rini da asid na haɗe, launi ya yi duhu, titi ya riƙe ɗumi. Da zafi ya kai mizanin da aka saita, a ce digiri 31, sai kakin ya narke ya raba su, launin ya kwaranye, hasken ya koma sama. Babu wuta, babu injin.

To, ina gizo ke saƙar? Ana dafa kwalta a wajen digiri 150 kafin a shimfiɗa, ƙwayoyin kuwa ba sa son wannan wutar. Ita kuma rana, wadda aka kawo su domin ta, ita ce ke kashe rinin a hankali. Ga tayoyi na goge saman, ga ƙura na rufewa, ga baƙin kwaltar kansa na danne launin. A ganina, wanda zai ci nasara a wannan bincike shi ne wanda ya sa rinin ya yi shekara goma a kan titi yana aiki.