Sigari Uku da Kogunan da Aka Binne

Bashir: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa. Tun makon jiya saƙonni ke shigowa a kan maganar da Maryam ta taso ta littattafan "da a ce", waɗanda marubuci ke ɗaukar tarihi ya karkata shi. To ga mu. Sai dai Nura ya kafe sai an haɗa da nasa.

Nura: Ai dole, Yaya. Na aljanu da matsafa a tsakiyar birni. In mun zo rufewa, kowa ya faɗi wanda sabon makaranci zai fara da shi.

Bashir: An yarda. Ni dai shekaranjiya na ajiye na ƙarshe a jerin Harry Turtledove, wanda jihohin Kudu na ƙasar Amurka suka ci yaƙin basasa. Littafi 11, daga 1997 zuwa 2007. Kuma duk wannan tulin a kan takarda guda ya dora shi. A watan Satumba na 1862, Janar Lee na Kudu ya ba da umarni mai lamba 191, inda ya bayyana yadda zai rarraba rundunarsa. Kwafi ɗaya ya faɗi a wani fili kusa da garin Frederick a jihar Maryland, sojan Arewa ya tsinta, an naɗe karan sigari uku da ita, irin masu kaurin nan.

Maryam: Wannan ɗin gaskiya ne, ko ƙirƙirar marubucin?

Bashir: Gaskiya ne tsantsa, ƙanwata. Kwana huɗu bayan tsintuwar aka gwabza a Antietam, ranar 17 ga wata, kusan mutum 23,000 tsakanin matattu da raunata da waɗanda suka ɓace, a yini guda. Lee ya ja da baya, ranar 22 Shugaban Amurka Lincoln ya fitar da sanarwar farko ta 'yanta bayi. Shi kuwa marubucin cewa ya yi, to da a ce wani sojan Kudu ne ya ga takardar ta faɗi ya miƙa wa mai ita fa?

Nura: Ni tambayata ɗaya ce: wa ya sha sigarin?

Maryam: Nura!

Nura: Allah da gaske nake. Mutum ya yi tsintuwa, ya kai wa kyaftin, kyaftin ya kai wa kanar, kanar ya tura gaba. Takarda dai ta isa hannun Janar McClellan na Arewa. Sigari fa?

Bashir: Kowane hannu ya zare ɗaya, kafin a kai sama sun ƙare.

Maryam: Ai lissafin ya fita daidai, hannu uku sigari uku.

Nura: Shi mai tsintuwar ya tashi a tutar babu ke nan. Kuma ku lura, da ba don sigarin ba, wa zai sunkuya ya ɗauki takarda a filin da sojoji suka kwana?

Bashir: Yauwa! Wasa kake, amma ka taɓo jijiyar. Abin da ke kama ni a irin waɗannan littattafai ke nan: abu ƙanƙane ya sauya, marubuci ya bi sawunsa da gaskiya duk inda ya nufa. Kudu ta ci, Ingila da Faransa suka amince da ita a matsayin ƙasa. Saboda haka da yaƙin 1914 ya zo, Arewa ta riƙe su a zuciya, ta koma ɓangaren Jamus, aka haƙa ramukan yaƙi a cikin Amurka kanta. Nan na kasa barci. Amma daga tsakiya jikina ya yi sanyi. Sai ga wani tsohon soja mai zafin baki ya karɓe ragamar wata jam'iyya a Kudun da aka kayar a wannan yaƙi na 1914, ya hau mulki, ya gina sansanonin hallaka baƙar fata. Kana gani ka san Hitila ne aka sauya wa riga. Yaƙin birnin Pittsburgh kuma na Stalingrad ne sak, wanda aka gwabza a yaƙin duniya na biyu. Na riga na san ƙarshen kowane babi kafin in kai.

Maryam: A nan zan saɓa maka, Yaya. Ni ina ganin da gangan ya yi. Yana gaya wa Amurkawa ne kada su ɗauka wannan ɓarna halin wasu mutane ce can nesa.

Bashir: Na karɓi wannan, kuma babin sansanonin ya girgiza ni ƙwarai. Amma in ka sauya 1862, bai kamata 1942 ta fito da kamanninta na da ba. Shekara 80 fa! Mutanen da za a haifa ma daban ne.

Nura: To ku ba ni fili, lokaci na tafiya. Nawa na Ben Aaronovitch ne, na kogunan Landan, ya fara a 2011. Kurtun ɗan sanda ne aka bari gadin wurin da aka yi kisa, sai ga shaida ya zo, ashe fatalwa ne. Shi kuwa ya zaro ɗan littafinsa ya fara rubuta bayani, don aikin da aka koya masa ke nan. Abin da ya saye ni, birnin na gaske ne. Akwai koguna irin su Fleet da Tyburn da aka rufe, suna gudana a ƙarƙashin tituna har yau. Sai ya ba kowanne ruhi, ya mai da su mata masu ji da kansu. Shi tsohon mai kogin Thames kuwa ya yi ƙaura zuwa can wajen mafarin kogin tun 1858, shekarar da warin kogin ya addabi majalisar dokoki.

Bashir: Ka ga, shi ma tarihi ya riƙe. Shi ya sa nake cewa dangin juna ne. Wancan ya sauya abin da ya faru, wannan ya bar shi yadda yake ya cusa wani abu a ƙarƙashi. Sai dai ciwon jeri mai dogon zango ɗaya ne: jarumi na ta ƙara ƙarfi, abokan gaba na ta ƙara girma, har ka nemi unguwar da aka fara a cikinta ka rasa.

Nura: Nawa dai har inda na kai bai rabu da cike takardun ofis ba.

Maryam: Yaya, saura minti ɗaya, ba mu faɗi zaɓinmu ba, ni ko nawa littafin ban taɓo ba.

Bashir: Subhanallahi. To naki shi zai buɗe shirin mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Nura, a gaggauce.

Nura: Na kogunan, littafi na farko.

Bashir: Ni kuma huɗun farko na Turtledove. Masu saurare, ku ci gaba da turo saƙonni, har da masu ra'ayi a kan sigarin nan. Sai mun sake haɗuwa.